Allurar Malam Nasidi Mai Wankin Hoto

Har yau in aka ɗauko zancen Malam Nasidi a Limancin Kona, ba a rasa mai cewa, "Ai wannan da aka kora daga asibiti saboda taurin kai." Duk wanda ya faɗi haka a gabana sai na tsayar da shi na tambaye shi ko yana wurin. Ba ya wurin. Ni ina wurin, a gaban idona aka yi komai, kuma na gaji da jin ana yi wa mamaci ƙarya.

Ni ce Asabe. Shekara goma sha bakwai na yi a sashen ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji na wani asibiti da ke wajen ganuwa. Ba zan kama sunansa ba, ya daɗe da rufewa ma, yanzu taki ake sayarwa a wurin. Aikina in shigar da mata, in taya su cire sarƙa da 'yan kunne da layu, in tsayar da su a gaban injin. Aikin Malam Nasidi kuwa ya karɓi fim ta wata 'yar taga, ya wanke shi a ɗakin duhu, ya shanya, ya sa a ambulan. Daga ni har shi babu mai satifiket ko na rantsuwa. A takardar asibiti sunanmu leburori.

A gidan masu aikin riga aka haife shi, bayan gidanmu kaɗan. Ubansa gwanin aska takwas ne, daga nesa ake aiko masa da riguna. Nasidi ya fito da hannun hagu, shi ya sa tsofaffin unguwa har suka ƙare Bahago suke ce masa. An ɗaure hannun, an doke shi, an shafa masa barkono, yaro ya ce shi da hagu zai riƙe allura. Da uban ya ga ɗinkin hagun ya fi na yayyensa masu dama kyau, sai ya ƙyale shi. Ana ba da labarin wata rana da ya zauna ya warware aikin kwana uku da wansa ya yi a ƙirjin wata riga, saboda layi ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa. Ya sha dukan da bai taɓa sha ba. Da aka gama aka ce ya ce ya tuba, sai ya share majina ya ce, "Amma dai layin ya karkace."

Haka ya girma. Mutum ne da kalmar "to" take yi wa nauyi a baki. Ka ce masa rana ta yi zafi, sai ya leƙa waje ya duba tukuna. Matarsa Binta ta sha gaya mini cewa ko tuwo ta ce ya nuna, sai ya taɓa da yatsa kafin ya yarda.

Da kekunan aikin zare suka shigo gari, aikin hannu ya ja baya, sai ya sami wuri a shagon wani mai ɗaukar hoto a unguwar Kongo, kusa da makaranta, yana wanke hotunan ɗalibai. A can ya koyi abin da ya zama ajalin aikinsa daga baya. In mutum ya motsa lokacin da aka danna, kunnensa kan fito biyu, ko gefen hularsa ya yi hazo. Mai shago ya ce a ba su hakanan, ɗalibi ba ya dubawa. Nasidi ya ce shi yana dubawa. A 1981 ya bar shagon ya dawo asibitinmu, shekara guda bayan zuwana.

Ɗakin duhunsa bai fi akurkin kaji girma ba. Jan ƙwan fitila ɗaya, kwatami uku na ruwan magani, da wari mai hawa kai. Faratansa duk sun rine sun koma ruwan goro. Yakan fito yana ƙifta ido kamar wanda aka tasa daga barci, fim a hannu yana ɗigar ruwa. Maimakon ya shanya ya koma, sai ya ɗora shi a kan allon haske ya tsaya yana kallo. Ba aikinsa ba ne, babu wanda ya sa shi. Bai san sunan cuta ko ɗaya ba, kuma bai taɓa cewa ya sani ba. Gefe-gefe kawai yake dubawa: bakin kowane haƙarƙari, da wannan tantani mai kama da bakan gizo da ke ƙarƙashin huhu.

"Asabe, zo ki gani," in ji shi wata rana. "Layi ɗaya Allah ya yi wa kowane ƙashi. In kin ga biyu, ko kin ga bakin layin ya yi gashi-gashi, to mutumin ya yi numfashi ana cikin ɗauka. Wannan ba hotonsa ba ne, hoton motsinsa ne."

Sai ya tura fim ta taga ya ce, "A sake." Tsohon shugabanmu ya san darajar idon nan, yakan yi tsaki ne kawai ya sake. Da ya yi ritaya a 1992 aka kawo mana Malam Ja'afaru, saurayi ɗan birni, ɗan gidan malamai, da difloma sabuwa fil. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa. Yana da sauri, yana da tsabta, ya san injin. Abin da bai sani ba shi ne mutanen da ake tsayarwa a gaban injin.

Injin namu ya tsufa, ƙarfinsa ya ragu. Kafin ya gama ɗaukar hoto ɗaya, musamman na gefe, mutum zai iya ƙifta ido sau biyu. A cikin wannan ɗan lokaci dole ƙirji ya tsaya cak. Malam Ja'afaru yakan tsaya bayan gilashi ya ɗaga murya, "Ja numfashi! Riƙe!" sai ya danna.

Malam Nasidi ne ya fara lura cewa hotunan ɗaliban Kongo da ma'aikata suna fita tas, amma na dattawan ƙauye kusan kullum da hazo. Ya yi ta juya abin a ransa. Rannan ya bar 'yar tagarsa a buɗe ya kasa kunne. Aka shigo da wani tsoho manomi. Malam Ja'afaru ya ce, "Ja numfashi! Riƙe!" Tsoho ya rusuna kaɗan ya ce, "To, ranka ya daɗe." Daidai nan aka danna.

Abin kenan. Mutanenmu ba sa iya barin maganar babba ta faɗi ƙasa ba a amsa ba. Wanda ya fi ladabi shi ya fi ɓata hotonsa. Wasu har addu'a suke ƙarawa, "Allah ya saka da alheri, likita," ƙirji yana hawa yana sauka.

Malam Nasidi ya je ya gaya wa Malam Ja'afaru. Shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "Malam Nasidi, kai aikinka ruwa da magani. Ka bar mana teknik." A shekarun nan fim ya yi wuya, sai a yi wata ba a kawo kwali ɗaya ba. Aka kafa doka cewa babu sauran "a sake." Malam Nasidi ya ci gaba da faɗa ta taga, ana ci gaba da yi masa kunnen uwar shegu.

Cikin daminar 1994 aka kawo Iya Mariyamu. Daga wani ƙauye take a bayan dutsen Kufena, daddawa take kawowa kasuwar birni. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, mai yawan gaisuwa, har injin sai da ta yi wa sallama. Ta yi wata huɗu tana tari da jini. Likitoci suka gano ƙari a ƙirjinta, suka ce ciwon daji ne, ba ya yankuwa, sai dai gashi.

Gashin nan ba na wuta ba ne. Wani haske ne mai ƙarfi da ake saitawa a kan ƙarin ya ƙone shi daga ciki, kuma duk naman kirkin da ya shiga hanyarsa shi ma sai ya ƙone. A lokacin sai an je kudu ake samun injinsa. Wani Dakta yakan zo mana daga can sau ɗaya a wata biyu, ranar Alhamis, ya duba hotuna. In ƙari ƙarami ne yana zaune wuri ɗaya, sai ya zana masa murabba'i da jan fensir a kan fim, iyakar inda za a gasa kenan, ya rubuta takardar tafiya. In kuwa ya bazu ya kai wajen zuciya, gashin zai cinye huhun da mutum zai rayu da shi. Irin waɗannan sai ya rufe ambulan ya ce a kai su gida a kula da su. Kowa ya san ma'anar wannan magana. Ƙarfe biyu yake tashi, ba ya ƙara minti.

Ranar Alhamis ɗin da hantsi na shigar da ita. Hoton gaba an riga an ɗauka tun zuwanta na farko. Na gefe Dakta ya ce a kawo masa, don shi ke nuna zurfin ƙari da tazararsa da zuciya. Na cire mata laya, na tsayar da ita, na ɗaga mata hannuwa sama, na koma bayan gilashi.

"Ja numfashi! Riƙe!"

"To, ranka ya daɗe, ga shi na riƙe."

Aka danna.

Da Malam Nasidi ya fito ya ɗora fim a allon haske, mu uku muka tsaya a kai. Ƙarin ya fito kamar hayaƙi, faɗinsa ya kai tafin hannu, gefensa ya narke ya shige inuwar zuciya. Malam Ja'afaru ya girgiza kai ya ce, "Inna lillahi. Wannan ya yi nisa. Sai haƙuri."

"Yallaɓai, dubi haƙarƙarin," in ji Malam Nasidi. "Dubi tantanin nan, biyu ne. Ba ƙarin ne ya girma ba, numfashi ne ya ja shi. Ta amsa maka, ina ji ta taga."

"Dakta zai gani da idonsa."

"Dakta zai ga hoto arba'in kafin ƙarfe biyu. Ƙarin zai duba, ba haƙarƙari ba. A sake."

"Fim biyu suka rage a kwali, na 'yan hatsari ne. Shanya shi ka sa a ambulan."

"Ba zan sa ba."

"Malam Nasidi, oda nake ba ka."

Akwai wani almakashi da yake rataye a wuyansa da igiya, wanda yake datse kusurwar fim da shi. Ban ga lokacin da ya kama shi ba. Na dai ji ƙaras, ƙaras, sai ga hoton Iya Mariyamu gida biyu, rabi a hannunsa, rabi a ƙasa.

"Ka san abin da ka yi kuwa?" in ji Malam Ja'afaru.

"Na sani. Yanzu babu hoto. Ko dai a sake, ko ka je ka gaya wa Dakta ba ka da hoton matar."

Malam Ja'afaru ya dubi agogon bango. Sha biyu ta wuce. Ya buɗe kwali ya zaro fim ɗaya, ya ce, "Za a sake. Amma ka sani ka gama aiki a nan."

"Na ji. Saura abu ɗaya, Yallaɓai. In za ka danna, kada ka ce komai. Ka yi shiru. Ni zan ɗaga maka hannu."

Wannan "ka yi shiru" ita ce aka ja wa layi biyu a takardar tuhuma daga baya. Lebura ya ce wa mai difloma ya yi shiru, a gaban mace.

Na fita na dawo da Iya Mariyamu daga kan benci. Na ce bari in gwada tawa dabarar, na ce mata, "Iya, wannan karon ko an yi miki magana kada ki amsa." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, mutum ya yi mini magana in yi masa banza? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Ke haka kike yi a gidanku?"

Sai ga Malam Nasidi ya shigo sanye da rigar dalma, wadda ake sawa don tare hasken injin. Ta yi masa nauyi, tana jan kafaɗunsa ƙasa. Ya cire hularsa. Tun barinsa gidan ubansa bai taɓa rabuwa da allura a naɗin hula ba. Ya zaro wata 'yar siririya, ya laluba aljihu ya tsinko zare.

"Sannu, Iya."

"Yawwa, sannu Malam. Ya aiki? Ya iyali?"

Ya tsaya suka gaisa tsaf, har ta tambayi yara, har ya tambayi damina. Malam Ja'afaru yana bayan gilashi yana cizon leɓe. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙaf, sannan ya ce, "Iya, wata alfarma nake nema. Ɗakin duhu ya kashe mini ido. Taimaka ki zura mini zaren nan."

"Kai, wannan ai ba komai ba ne. Kawo."

Ya gyara mata tsayuwa, gefenta a jikin allon fim. "Ɗaga hannuwan sama sosai, wajen fitila, ki ga kafar da kyau. Yawwa. Cika ƙirjinki da iska tukuna, kada hannu ya yi rawa."

"To, Malam."

Ya bar ta ta gama "to" ɗinta. Ta lashi bakin zaren, ta ja iska, ta ɗaga hannuwa, ta kanne ido ɗaya, ɗan harshenta a waje. Ina kallon haƙarƙarinta ta gilashi. Suka hau, suka tsaya. Duk wanda ya taɓa zura allura ya san wannan, numfashi da kansa yake ɗaukewa, ba sai an ce maka ba. Ni da na yi shekaru ina ɗinke kayan 'ya'yana ban taɓa lura ba sai ranar.

Malam Nasidi ya ɗaga hannunsa na hagu. Na ga bakin Malam Ja'afaru ya buɗe don sabo, sai ya rufe shi. Ya danna.

Mintunan da Malam Nasidi ya yi a ɗakin duhu sun yi mini tsawo ƙwarai. Na tsaya ina tunanin in fa hoton ya fito kamar na farko, ya zubar da aikinsa a banza kenan, ita kuma gida za ta. Ya fito, ya ɗora fim, ya ja da baya.

Kowane haƙarƙari da layinsa ɗaya, kamar an zana da alƙalami. Tantanin ɗaya. Ƙarin yana nan, ba a ce babu shi ba, amma bai fi ƙwan zabo ba, bakinsa a tattare, kuma tsakaninsa da zuciya akwai fili baƙi da yatsa biyu za su shige. Malam Ja'afaru ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya tsinci rabin tsohon hoton a ƙasa, ya haɗa da ɗaya rabin, ya kara su kusa da sabon. Sannan ya ɗauki sabon da kansa, da jiƙonsa, ya yi ofishin Dakta da sauri. Na bi shi da ambulan. A gabana Dakta ya ɗauki jan fensir ya zana ɗan murabba'i, ya jawo takardar tafiya ya fara rubutu.

Washegari Malam Ja'afaru ya kai rabi biyun nan ofishin mulki. Hoton kirki ya kai, ƙara ma ya kai, duka da hannu ɗaya. Har yau ban gama gane mutumin nan ba.

Aka kafa kwamiti. Laifi biyu: ɓarnata kayan asibiti da cin fuskar na gaba. Suka ce ya rubuta takardar ban haƙuri a rage masa mataki a bar shi. Ya ce fim ɗin dai ya yi asara, wannan gaskiya ne, kuma bai ji daɗi ba. Amma in gobe aka miƙo masa irinsa aka ce ya sa a ambulan, zai sake yankawa. Shugaban kwamiti ya ce, "Kai likita ne?" Ya ce, "A'a. Amma layin biyu ne."

Suka kira ni shaida. A nan ne nake jin kunya har gobe. Suka tambaye ni ko na ga ya yanka, na ce na gani. Ko na ji ya ce a yi shiru, na ce na ji. Suka ce ina da abin ƙarawa? Ina da 'ya'ya huɗu, mijina ba shi da lafiya. Na sunkuyar da kai na ce babu. Aka sallame shi bayan shekara goma sha uku. Ya rataye almakashin a ƙusa, ya tura kekensa ya fita, har ya tsaya ya yi mini sallama kamar ban yi komai ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Abin da na iya yi kawai, na sayi allura na soke a ɗankwalina. Duk tsohuwar da aka shigo da ita sai in miƙa mata. Malam Ja'afaru bai hana ni ba, bai kuma taɓa tambayata ba. Ya dai daina ɗaga murya, sai ya jira hannuna.

Malam Nasidi ya koma zauren ubansa yana ɗinkin hula. Idon ya riga ya raunana, hular da a da zai gama a mako sai ta kai shi wata. Masu zaman zaure suka samu abin yi. "Bahago, ka yanke hoto ka yanke albashi." "Likitan Limancin Kona, a duba mana haƙarƙari." Ko a jikinsa. Wani lokaci ma sai ya karɓi hular mai tsokanar ya juya ta ya nuna masa inda ɗinkin ya karkace. Binta ce ta sha wahala, ta koma sayar da ƙosai a ƙofar gida, kuma ban taɓa jin ta ce ya yi kuskure ba.

Wata bakwai bayan haka, ana tsakiyar zafin bazara, ina share ɗakin hoto sai na ji sallama. Iya Mariyamu ce. Ta rame, ta yi baƙi, amma da ƙafarta ta zo, har da ƙullin daddawa a ka. Ta ce, "Ina Malam mai allura?" Ban san abin da ya hau kaina ba, na ce, "An kore shi, Iya. Saboda hotonki." Na ba ta labari duka, har da nawa shirun. Ta jira na tashi aiki, muka hau bas zuwa Ƙofar Doka, muka taka zuwa unguwa.

Bayan la'asar muka isa. Zaure cike da masu zama. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya dube ta ya dube ta, sai ya ajiye hular da ke hannunsa. Ta sauke daddawa a gabansa. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙyalle. Allurar ce a soke, da zaren a naɗe. A rikicin ranar nan babu wanda ya tuna ya karɓa.

"Malam, wannan allura taka ce. Alfarma ɗaya ka nema a wurina, na kasa. A jirgin ƙasa na gwada. A asibitin can kullum in an dawo da ni daga gashi sai na gwada. Na ba matan ɗakinmu, kowa ya kasa. Ka yafe mini, idona ne ya mutu."

Malam Nasidi ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi.

"Iya, ai ba zai shiga ba. Zaren ya fi kafar kauri. Da gangan na zaɓa. Da ya shige miki da wuri, da kin saki numfashi kin ce mini ga shi."

Sai ta miƙe tsaye.

Ban taɓa jin faɗa irin na ranar ba. "Wata bakwai! Wata bakwai ina zargin idona! Babban mutum da kai, da furfura, ka dubi tsohuwa marar lafiya ka yi mata wayo? Na hana kaina barcin rana, na ɓata wa matan mutane lokaci, har wata nas ta yi mini dariya da yarensu!" Ta juya kan masu zaman zaure, waɗanda suka fara ƙyaƙyatawa. "Ku kuma me kuke wa dariya? An ce ku ne masu yi masa ba'a. Wa ya taɓa barin abincinsa saboda wani a cikinku? Ku nuna mini shi!" Ta dawo kan Malam Nasidi ta ɗora daga inda ta tsaya, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, har yara suka taru a ƙofa, har Binta ta leƙo da matsamin ƙosai a hannu.

Ni ba faɗan nake saurare ba. Matar da a da ba ta iya gama gaisuwa sai tari ya tsare ta, ga ta tana zuba magana tun ɗazu, da ƙarfi, ko sau ɗaya ba ta yi tari ba. Na dubi Malam Nasidi na ga shi ma abin da yake saurare kenan. Dariyar ta tsaya, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Damina shida ta ƙara a duniya bayan wannan rana, tana kawo daddawarta kasuwa.

Da ta gaji don kanta, ta dangwara masa allurar a tafin hannu ta ce, "Kuma daddawar nan ka karɓa, ban son jin wata magana. Gobe ma in na kawo ka karɓa. Ka ji ni ko?"

Shekara goma sha uku muna aiki tare, da shugabanni da kwamiti da kowa, ban taɓa jin kalmar "to" ta fito daga bakinsa ba tare da gardama ba. Ya soke allurar a naɗin hularsa, ya jawo ƙullin daddawa gabansa.

Ya ce, "To, Iya."